Tsani Mai Lamba Ɗaya

Har zuwa watan jiya, duk wanda ya shiga ɗaki na biyu a gidan tarihin sojoji zai tarar da wani tsanin katako mai matakai goma sha huɗu jingine kusa da taga. A ƙarƙashinsa akwai ɗan allo da ke cewa da shi sojojin kundumbala suka haura katangar abokan gaba lokacin yaƙi. Mutumin da 'yan unguwarsu ke kira Baba Lamba ya ce tsanin nan bai taɓa ganin abokin gaba ba, abu mafi haɗari da aka taɓa jingina shi da shi tankin ruwa ne. Ya ce kuma nasa ne, mahaifinsa ya haɗa shi, kuma shekara hamsin da tara ke nan yana neman a mayar masa da abinsa.

Baba Lamba yana da shekara tamanin da ɗaya. Gajere ne mai manyan hannaye, fenti ya zauna a gefen faratansa yadda sabulu ya daɗe da haƙura. Gidansa ne na ƙarshe a wani siririn lungu, bayan shagon mai faci. Kujerun falonsa shida ne, kowace da lambarta a ƙafar baya. Bokitai ma haka, har da murfin tukunya. Matarsa ta ce shekara hamsin da biyar tana zaune da shi, kullum tana duba bayanta a madubi ko ita ma an sa mata.

Mahaifinsa kafinta ne da ke haɗawa da rubuta allunan shaguna. Shi ya koya masa riƙon buroshi, shi kuma ya haɗa masa tsanin a shekarar da ya rasu. Da aka zo mataki na bakwai katakon ya ƙare, sai tsohon ya cire ƙafar wani tsohon gado ya sassaƙe ta ya sa. Har yau matakin ya fi sauran duhu.

Yana da shekara goma sha tara yaƙi ya ɓarke. Sojoji suka kafa sansani a kan wani tudu bakin kogi don horar da 'yan kundumbala, waɗanda ake turawa su shiga bayan abokan gaba su yi ɓarna su fito. Sansanin yana buƙatar mai sa wa kaya lamba, aka ɗauke shi. Ba soja ba ne, ba a ba shi kaki ba. An dai ba shi wasu farantan kwano da aka huda siffar lambobi a jikinsu, da kundin rajista, aka nuna masa alamar sansanin: fari mai kusurwa uku da ɗigo a tsakiya, lamba a ƙasa.

Dokar sansanin a kan kaya biyu ce. Abin da ba shi da lamba ba ya shiga. Abin da ke da lamba ba ya fita. A ranar farko ta farkon kawai aka gaya masa.

Ya iso bakin ƙofa da tsaninsa a kafaɗa, gwangwanin fenti a hannu. Sojan da ke gadi ya tare shi, aka kira Samanja.

"Kai ne mai sa lambar?" in ji Samanja.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To uban me kake jira? Sa masa ka wuce, ka tare mana hanya."

Nan ya kwantar da tsanin a ƙasa ya buga masa alamar, ya buɗe sabon kundi ya rubuta: lamba ɗaya, tsani. Gwangwanin fenti ya zama lamba biyu. Buroshi ya zama lamba uku, amma da yake buroshi ba ya shafa kansa, da ɗan yatsa ya yi wannan.

Daga nan aiki ya kankama. Akwatunan harsashi, manyan motoci, tukwanen kicin, barguna, alfadarai goma sha ɗaya. Wata rana Kanar mai sansanin ya yi tuntuɓe da wani dutse a gaban ofis, ya ce a fitar da shi daga sansanin. Takardar ɗaukar kaya tana da gurbin lamba, kuma magatakarda ba ya karɓar takarda da gurbi a buɗe. Aka kira Baba Lamba ya sa wa dutsen lamba. Da aka kai shi bakin ƙofa mai gadi ya ce abu mai lamba ba ya fita. Aka dawo da shi gaban ofis, inda ya ƙare yaƙin ana share masa ƙura duk ranar duba kaya.

Abin da ya fi ba shi wuya filin horo ne. Akwai katanga mai tsawon ƙafa goma sha biyu, da igiya da aka ɗaure daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, da bututun siminti da ake rarrafawa a ciki, da waya mai ƙaya a kan ramin laka. Duk kayan gwamnati ne, duk sai an sa musu lamba: katangar a samanta, igiyar a farko da tsakiya da ƙarshe, bututun daga ciki. Takalman kurata kuwa suna goge lambobin, don haka duk mako biyu sai an sabunta. Ya ɗauko tsaninsa zai jingina da katangar, kofur mai horarwa ya daka masa tsawa cewa an haramta tsani a filin horo. Ya roƙa a dakatar da harbi yayin da yake ƙarƙashin waya, don da harsashi na gaske ake yi sama da kawunan mutane. Aka duba jadawali aka ce babu lokacin fenti a ciki.

Haka ya riƙa bin filin tare da kurata, gwangwani a haƙora, buroshi a bayan kunne. Su suna yin mako shida su tafi, shi yana nan. A shekara uku ya ƙetare filin sau saba'in da ɗaya, yana da lissafin a bangon littafinsa. A tsakiyar igiya yakan tsaya ya rataye da ƙafafu da hannu ɗaya ya rubuta lamba, na bayansa suna lilo a kan ruwa suna zaginsa. Kofur ɗin ya mai da shi abin gori.

"Ku dubi mai fenti, 'yan banza! Ko ɗigo bai zubar ba! Ku kuwa bindiga ɗaya ta gagare ku!"

Ya ce kurata sun tsane shi saboda haka, sau biyu suna zuba masa yashi a fenti. Tsanin kuwa yana can bayan kicin, ba a hawa shi sai don lambar manyan motoci da ta tankin ruwa.

Akwai wani aikin da ba ya son a daɗe a kansa. Kowane kurtu yana da akwatin ƙarfe mai lambarsa. In mutum ya tafi bai dawo ba, akwatin yakan dawo shi kaɗai, a kwashe kayan a aika wa danginsa, Baba Lamba kuma ya shafe lambar da baƙin fenti don a ba wani. Ya shafe ɗari da tara. Ya ce cikinsu akwai na wanda ya zuba masa yashi. Da ya faɗi haka sai ya tashi ya je ya gyara zaman kujera mai lamba huɗu, wadda ba abin da ya same ta.

Ranar da aka sallami ma'aikata bayan yaƙi, ya saɓa tsaninsa ya nufi ƙofa, a nan ya ji doka ta biyu ta hau kansa. Ya koma ofis. Magatakarda ya miƙo masa takardar sallama ya sa hannu, ya ce ba zai sa ba sai an ba shi tsaninsa. Magatakarda ya ce to ya matsa, akwai mutane a bayansa. Ya matsa, ya tafi gida hannu wofi.

Ya rubuta wasiƙu goma sha ɗaya. An amsa biyu. Ta farko ta tambayi lambar kayan, ya amsa cewa ɗaya ce. Ta biyu ta gargaɗe shi da ya daina wasa da hukuma. Bayan wasu shekaru aka rufe sansanin, labarin tsani ya ɓace. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar, ya yi shekara arba'in yana rubuta allunan shaguna a kan wani tsanin ƙarfe da ya ce yana rawa kamar mai zazzaɓi.

Autarsa, wadda ke aikin jinya, ita ta kai shi gidan tarihin da aka buɗe a tsohon ginin sansanin, don ya ga wurin da yake yawan ba su labari. A ɗaki na farko ya gane dutsen Kanar, an sa shi a kan jan kyalle an rubuta cewa dutsen gwada ƙarfi ne. Ya yi dariya har ya yi tari. A ɗaki na biyu dariyar ta ɗauke. Ya ƙetare igiyar da aka tare masu kallo da ita, ya ɗora tafin hannunsa a mataki na bakwai.

"Baba, ba a taɓawa," in ji mai tsaron ɗakin.

"Ba a taɓa na wa?"

Aka kai su wurin shugaban gidan, wani manjo mai ritaya, ƙato mai fara'a. Ya ba Baba Lamba kujera, ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka ɗauko tsohon kundin rajista. Rubutun shafin farko da wanda tsohon ya yi a gabansa iri ɗaya ne, har yadda yake karkata wutsiyar lamba bakwai.

"Na yarda da kai, Baba," in ji Manjo. "Wallahi na yarda. Amma kwamiti ne ya rubuta allon nan. Sun ga lamba ɗaya, suka ce abin da aka fara sa wa lamba a sansanin 'yan kundumbala ba zai zama abin banza ba."

"Ba abin banza ba ne, ranka ya daɗe. Nawa ne."

"Yana da lamba, Baba. Kai ka fi ni sanin dokar."

Sannan Manjo ya ƙara da abin da yake zaton zai faranta wa tsohon rai. An kawo sabon akwatin gilashi don a adana tsanin kada ƙura da hannaye su lalata shi. Sai dai akwatin ƙafa goma ne, tsanin ya fi shi tsawo. An riga an yi magana da kafinta zai zo ranar Alhamis ya yanke matakai huɗu.

Auta ta kama hannun mahaifinta suka tafi. A gida ya ƙi cin abinci. Matarsa ta zauna gabansa da kwanon a hannu.

"Malam, shekara sittin ba ka da tsanin nan kuma ba ka mutu ba."

"Da ban san inda yake ba. Yanzu na sani, kuma za a sa masa zarto."

"To ka ci, ka samu ƙarfin yin rigima. Da yunwa za ka yaƙi soja?"

Ranar Talata suka koma su huɗu: shi, da matarsa, da Auta, da mijin Auta mai motar ɗaukar kaya. A wannan karon Baba Lamba bai shiga da komai nasa ba, sandarsa ma a mota ya bar ta. A ofishin Manjo suka tarar da sajen da ke kula da sito, wata mata mai tabarau da ta shekara ashirin tana ƙirga kayan da ba wanda ke tambayarsu. Ta ji labarin tun ranar farko, ta je ta tono littafin dokokin sansanin.

"Yallaɓai, akwai hanyar da kaya ke fita," ta ce wa Manjo. "Shafi na arba'in. In an tabbatar abu ba ya moruwa, a ja jan layi a kan alamarsa, ya tashi daga kayan soja. Amma mai sa lambar sansanin ne kaɗai ke da ikon jan layin."

"Ai ba mu da mai sa lamba, Saje. Tun kafin a haife ni aka rufe sansanin."

"Muna da shi, yallaɓai. Ga shi nan zaune." Ta buɗe wani fayil ta fito da takardar sallama wadda ta yi ja don tsufa, gurbin sa hannu a buɗe. "Ba a taɓa sallamarsa ba."

Manjo ya dubi takardar, ya dubi tsohon. "Kina nufin ma'aikacinmu ne, kuma shekara hamsin da tara bai zo aiki ba?"

"Ni ma shaida ce," in ji matar Baba Lamba. "Kullum yana gida yana sa wa cokali lamba."

Saura a tabbatar tsanin ba ya moruwa. Aka ɗauko fom aka nufi ɗaki na biyu. Saje ta ce abu mai sauƙi ne, Baba Lamba ya rubuta cewa katakon ya ruɓe ya sa hannu, shi ke nan. Ya karɓi biro, ya duba fom ɗin, ya mayar mata.

"Bai ruɓe ba."

"Baba, rubutu ne kawai," in ji Auta.

"Aikin ubana ne. Ba zan rubuta da hannuna cewa ya ruɓe ba, alhali ko gara ba ta iya da shi ba."

Manjo, da yake mutum ne mai son taimako, ya ce bari shi ya gwada, wataƙila wani mataki ya yi ƙara a samu abin rubutawa. Ya tuɓe takalma ya hau. Mutum ne da ya haura kilo ɗari. Ya kai mataki na goma, ya yi tsalle kaɗan, ya girgiza. Tsanin bai ce komai ba.

"Kun gani?" in ji Baba Lamba, fuskarsa ta washe. "Ƙara hawa, ranka ya daɗe! Har sama!"

"Kai Malam, Allah ya shirye ka," in ji matarsa. "Kana tafa wa zarto ne fa."

Manjo ya sauko yana haki, ya ce shi kam ba zai iya sa hannu a kan ƙarya ba bayan mutum biyar sun gan shi a sama. Saje ta gyara tabarau ta sake karanta shafin, tana bin layi da yatsa.

"Yallaɓai, gwajinka bai shiga ba. Doka ta ce wanda aka rubuta kayan da sunansa shi zai gwada."

Duk suka juya suka dubi tsohon. Rabonsa da hawa tsani shekara goma sha biyu, tun da likita ya duba gwiwoyinsa. Auta ta ce ba ta yarda ba. Ya ce ba ita aka tambaya ba. Surukin ya riƙe gindin tsanin, Baba Lamba ya kama gefe biyu, ya ɗora ƙafar dama a mataki na farko ya ja jikinsa. Ya huta. Ya hau na biyu. Ba wasa yake ba, kowa ya ga haka, so yake ya kai na bakwai. Ya ɗaga ƙafa zuwa na uku sau ɗaya, sau biyu, gwiwar ta ƙi. Ya tsaya a nan goshinsa jingine da katako, har sai da Auta ta zo ta riƙe ƙugunsa ta sauko da shi.

Saje ta rubuta: mai aiki da shi ya gwada, bai wuce mataki na biyu ba, ba ya moruwa.

"Ki ƙara cewa ba laifin tsanin ba ne," in ji shi.

"Babu gurbin wannan, Baba."

"To ba zan sa hannu ba."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta juya fom ɗin a kaikaice ta rubuta a gefen takarda cewa ba laifin tsanin ba ne. Ya karanta, ya sa hannu, Manjo ya buga hatimi. Aka kawo jan fenti da buroshi daga sito, aka kwantar da tsanin a ƙasa. Baba Lamba ya tsoma buroshin, ya ɗora shi a katako ya ja. Layin ya fita a miƙe kamar an sa ma'auni.

Kafin su fita Saje ta roƙe shi ya leƙa sito. Ta buɗe wata ƙofa ta baya. Tun daga ƙasa har rufi fasassun bokitai ne, da barguna da asu ya cinye, da tayoyi, da kujeru marasa ƙafa, fiye da dubu uku. Duk an daɗe da sanin ba sa moruwa, amma babu mai ikon jan layi, don haka ba a iya zubar da su. Ya amince zai riƙa zuwa duk Talata. Zuwa makon jiya ya sallami ɗari biyu da goma sha biyu. Kafinta ya zo ranar Alhamis kamar yadda aka yi da shi, ya tarar da wurin wayam, aka sa shi ya gyara ƙofar banɗaki.

Kai tsanin gida ya ci rabin yini. Mota ba ta shiga lungun, tsanin kuma ya ƙi juyawa a kwanar shagon mai faci. Sai da aka bi da shi ta gidan maƙwabci aka miƙa shi ta kan katanga, mutum shida suna ba da shawara, biyu suna ɗauka. Aka jingina shi a tsakar gida, ya zarce rufin da mataki uku. Baba Lamba ya sa aka kawo masa ruwan ɗumi da tsumma, ya goge iya inda hannunsa ke kaiwa, sannan ya zauna a mataki na farko ya miƙe ƙafafu.

Matarsa ta tsaya a bakin kicin tana kallonsa.

"To ga shi ya dawo. Me za ka yi da shi?"

"Ba komai."

"Ba komai? Duk wannan wahala?"

"Nawa ne," in ji shi. "Kawo abincin nan, a nan zan ci."